Ƙaramin Kamfanin Bidiyo da Iyayen Gidansa Uku

A Titin Gidan Zoo da ke Kano, da wasu unguwanni na Kaduna da Jos da Maiduguri, akwai wani nau'in kamfani da ba a cika sa shi cikin lissafi ba idan ana zancen harkar fim a Arewa. Ofishinsa ɗaki biyu ne a saman bene. Ma'aikatansa na dindindin ba su wuce huɗu ko biyar ba: mai kamfanin, wanda galibi shi ne darakta kuma shi ne mai yawon neman kwangila, da mai ɗaukar hoto, da edita, sai wani yaro mai ɗaukar kaya da ke koyon aiki. Jarinsa kyamara biyu ne, da fitilu, da na'urar ɗaukar sauti, da kwamfuta mai ƙarfi, da janareta, da ƙaramin jirgi maras matuƙi idan Allah ya hore. Ba ya shirya fina-finan soyayya, ba shi da jarumai, saboda haka ba a jin sunansa a shafukan nishaɗi. Amma idan aka ware wasan kwaikwayo da labaran talabijin, mafi yawan hoto mai motsi kuma mai inganci da ake ɗauka na rayuwar mutanen Arewa a yau, daga hannun irin wannan kamfani yake fitowa.

Kamfanin yana da iyayen gida uku. Na farko ɗan kasuwa ne: mai kamfanin shinkafa, ko mai makarantar kuɗi, ko mai sayar da filaye, ko mai shagon atamfa a Kantin Kwari, wanda ke son tallar daƙiƙa talatin ko sittin da za a sa a talabijin da Facebook da TikTok. Na biyu hukuma ce ko ƙungiya: ma'aikatar gwamnati da ke son a nuna ayyukan gwamna, ko ƙungiyar agaji da ke son fim na minti goma a kan rijiyoyin da ta haƙa, kuma dukansu suna kiran abin da suke so da sunan dokumentari. Ubangida na uku ba ya biyan ko sisin kwabo, ba ya kiran waya, ba ya sa ranar kawo aiki. Shi ne labarin da mai kamfanin ya daɗe yana cewa zai ɗauka idan ya samu sarari: tsohon marinin da ya rage a unguwarsu, ko masuntan da ruwan tafki ya guje wa, ko kakarsa da ta ga zamanin dalar gyaɗa da idonta.

A tsakanin masu wannan sana'a da suka yi karatu, akwai wani jerin daraja da kowa ya yarda da shi ba tare da an zauna an tattauna ba. Talla ita ce a ƙasa, aikin neman na cefane wanda ake yi ana ɗan jin kunya. Dokumentarin ƙungiya shi ne a sama, shi ake fara nunawa a shafin kamfani, tare da tambarin ƙungiyoyin da aka yi wa aiki. Wannan jeri a juye yake. Talla ta fi dokumentarin kwangila gaskiya, kuma ita ce ta fi kusa da ba ƙaramin kamfani 'yancin yi wa ubangidansa na uku hidima.

Dalili na farko a bayyane yake. Talla ba ta ɓoye sunanta. Duk wanda ya ga uwargida tana murmushi a kan tukunyar shinkafa ya san an biya ta, ya san an jera fitilu, ya san tururin da ke tashi an yi masa dabara. Akwai yarjejeniya tsakanin mai talla da mai kallo: ni ina yabon hajata, kai kuma ka rage abin da za ka rage. Mutumin da ya tashi yana jin masu talla a kasuwa da tasha ya san wannan yarjejeniya tun yana yaro. Wannan bai wanke talla daga ƙarya ba. Tallar maganin da aka ce yana warkar da cuta goma sha biyu, ko ta kamfanin zuba jari da ke alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ƙarya ce mai iya cin rai da dukiya, kuma kamfanin da ya ɗauke ta ba zai fake da cewa shi kyamara kawai ya riƙe ba. Amma aƙalla akwai masu sa ido a wannan fage: hukumar NAFDAC ga tallar magunguna da abinci, da hukumar ARCON da ta gaji APCON a 2022 ga tallace-tallace baki ɗaya. Ko sa idon nasu ya kai ko bai kai ba, kowa ya amince cewa talla abu ce da ya kamata a tuhuma.

Dokumentarin kwangila babu mai tuhumarsa, kuma a nan gizo ke saƙar. Ga yadda aka saba yin sa. Ƙungiya ta aiko da takarda mai ɗauke da saƙonnin da take son su fito, da jerin ƙauyukan da za a je, da sunayen mutanen da za a zanta da su, waɗanda jami'inta na yankin ya riga ya zaɓo. A ba kamfani kwana uku ko huɗu. A isa ƙauye da hantsi, a tarar an share filin, an tara mata a gindin bishiya. A zaunar da wata baiwar Allah a gaban kyamara, jami'in ƙungiya yana tsaye a bayan mai ɗaukar hoto, a tambaye ta yadda rayuwarta ta canja tun da aka kawo rijiyar. Ta yi godiya, kamar yadda duk mai tarbiyya zai yi wa baƙon da ya kawo alheri. Idan ta ƙara da cewa famfon ya lalace tun bara kuma har yau ba a gyara ba, wannan jimla ba za ta wuce teburin edita ba. Babu wanda ya umarci editan ya yanke ta. Ya dai san wanda zai duba aikin kafin a biya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Babu ƙarya ko guda a cikin fim ɗin da zai fito. Rijiyar tana nan, matar ta faɗi abin da aka ji ta faɗa. Amma an ari kayan aikin gaskiya, wato fuskar talaka da muryarsa da ƙurar ƙauyensa, an yi tallar ƙungiya da su, aka kuma miƙa wa mai kallo a matsayin shaida. Mai kallon ma ba ɗan ƙauyen ba ne. Galibi wani ma'aikaci ne a Abuja ko Landan ko Jeniba da ke karanta fassarar Turanci a ƙasan hoton, kuma shi ne zai yanke ko za a sake ba da kuɗi baɗi. Matar da aka ɗauka da wuya ta taɓa ganin fim ɗin.

Akwai kuma batun takardar amincewa, wadda ya kamata ta hana mai kamfani barci fiye da yadda take hana shi. Ana rubuta ta da Turanci, a karanta wa mutum ita a gurguje, ya dangwala yatsa. A sansanin 'yan gudun hijira a Borno ko Zamfara, wanda ya kawo takardar ya zo ne cikin motar ƙungiyar da ke raba abinci. Uwar da ke riƙe da yaron da yunwa ta rame ba ta da hanyar sanin cewa ƙin yarda ba zai cire sunanta daga jerin masu karɓar tallafi ba, ko da an faɗa mata hakan da baki. Ba ta kuma da hanyar hasashen abin da ake nufi da sa hoto a intanet har abada, ko ranar da yaron zai girma ya ga kansa tsirara a allon wani taro. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta tanadi cewa amincewa sai ta kasance da son rai da fahimta. Yatsan da aka dangwala cikin tsoron rasa buhun masara bai cika wannan sharaɗi ba, ko a doka ko a wajen Allah.

Wannan salo yana da kaka, kuma tsofaffi sun san shi da sunan majigi. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wani jami'in lafiya Bature a Legas mai suna William Sellers ya fara yawo da mota yana nuna fina-finan tsafta, kuma shi aka ɗora a kan sashen shirya fina-finai na ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Sellers yana da ra'ayin cewa mutumin Afirka ba zai fahimci fim mai sarƙaƙiya ba, don haka ya shimfiɗa ƙa'ida: a tafi a hankali, kada a yawaita yanke hoto, kada a bar abu biyu a cikin fage guda. Daga nan aka samu tsarin da ya mamaye fina-finan wayar da kai, na mutum biyu, mai wayo da wawa. Mai wayo ya bi shawarar malamin gona ko malamin asibiti ya ci riba, wawa ya bi hanyar kakanninsa ya yi asara. Motar majigi ta riƙa shiga garuruwan Arewa da janareta da farin ƙyalle da mai sharhi da Hausa, kuma har yanzu akwai masu tuna Baban Larai. Wanda ya zauna ya kalli fina-finan ƙungiyoyi goma na wannan zamani zai tarar mai wayo da wawa ba su mutu ba, sun dai samu kyamara mai kyau.

Misalin da ya fi fito da abin fili daga Kudu yake. A 1949 aka shirya Daybreak in Udi a ƙasar Ibo, labarin yadda mutanen wani gari suka gina gidan haihuwa da taimakon jami'in mulki, wanda ya fito a matsayin kansa, duk da adawar wani mai ra'ayin riƙau. An tsara fagagen, an rubuta maganganun, an raba wa mutane rawar da za su taka. A 1950 ya ci kyautar Oscar ta dokumentari mafi kyau. Wato tallar mulkin mallaka ce ta lashe babbar lambar yabo ta fim ɗin gaskiya, kuma alƙalan ba su ga wani abin mamaki a ciki ba.

Mai ja da wannan magana yana da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Zai ce dokumentari bai taɓa rayuwa ba tare da mai ɗaukar nauyi ba. Nanook of the North na Robert Flaherty, wanda ya fito a 1922 kuma ake ɗaukarsa a matsayin tushen wannan fanni, kamfanin fatu na Faransa Revillon Frères ne ya biya kuɗinsa. Louisiana Story na 1948, shi ma na Flaherty, kamfanin mai na Standard Oil ne ya ɗauki nauyinsa. Night Mail na 1936 hukumar gidan waya ta Ingila ce ta shirya shi don tallata aikinta, kuma har gobe ana koyar da shi a makarantun fim. Zai ƙara da cewa kwangilar ƙungiyoyi ita ce makarantar da ta horar da yawancin masu ɗaukar hoto na Arewa: a nan suka koyi ɗaukar sauti mai tsabta, da zantawa da mutane, da cika alƙawarin lokaci, a nan suka samu kuɗin sayen kyamarar da Kannywood ba za ta iya saya musu ba. Sannan saƙon rigakafin shan inna ko na zuwa awon ciki saƙo ne na ceton rai, ko wa ya biya.

Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce kamfani ya ƙi aikin ƙungiya ya zauna da yunwa. Abin da ake ja a kai shi ne suna da matsayi. Kamfanin da ya san cewa fim ɗin rijiya talla ce, zai yi ta da kyau, ya karɓi kuɗinsa, ya kiyaye mutuncin waɗanda ya ɗauka, ya ci gaba da jin cewa akwai bashin da bai biya ba. Kamfanin da ya yarda cewa fim ɗin rijiya dokumentari ne, ya riga ya sallami ubangidansa na uku, domin a ganinsa ya gama yi masa aiki. Ta haka ake samun mutum ya shekara goma sha biyar yana kiran kansa mai shirya dokumentari, alhali bai taɓa yi wa kowa tambayar da ba a rubuto masa daga ofis ba.

Akwai waɗanda suka raba waɗannan abubuwa biyu rabuwa ta sarai, kuma labarinsu ya cancanci a tsaya a kansa. 'Yan'uwa biyu a Amurka, Albert da David Maysles, sun riƙe ƙaramin kamfaninsu a New York shekaru da dama da kuɗin tallace-tallace da fina-finan kamfanoni, kuma da wannan kuɗi suka samu sararin shirya Salesman na 1969, a kan masu yawon sayar da Littafi Mai Tsarki gida-gida, da Grey Gardens na 1975. Errol Morris ya shirya tallace-tallace masu yawan gaske, har da na Apple da na kamfanin giya, bai kuma taɓa ɓoye cewa su ne ke ciyar da shi ba. Shi ne ya shirya The Thin Blue Line a 1988, fim ɗin da ya tona yadda aka ɗaure Randall Dale Adams a Texas kan kisan ɗan sanda da bai aikata ba, kuma aka sake shi a shekarar da ta biyo baya. Babu ma'aikatar shari'ar da za ta ba da kwangilar irin wannan fim. Abin lura shi ne mai sayar da kwamfuta ba ruwansa da abin da Morris ke cewa game da kotunan Texas. Ya sayi daƙiƙa talatin ɗinsa, ya tafi. Ƙungiyar da ke aiki a kan lafiya ko ilimi ko gudun hijira kuwa, a daidai fagen da dokumentari na gaskiya zai shiga take zaune, kuma kamfanin da ke cin abinci a hannunta zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki fim a kan rijiyoyin da suka mutu.

Sai dai Kano ba New York ba ce. Kuɗin talla guda a can yana iya riƙe kamfani watanni. A nan ɗan kasuwa yana ciniki a kan talla kamar yadda yake ciniki a kan buhun gero, kuma yana da ɗan ƙanensa mai waya mai kyau wanda ya ce zai yi masa kyauta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kyamara da gilashinta da batir da ma'ajiyar hoto duk da dala ake sayo su, janareta kuma da fetur yake aiki, yayin da ɗan kasuwa ke biya da naira a farashin shekarun baya. Aikin gwamnati ya fi tsoka a takarda, amma mai kamfani yakan shekara yana bin sawun fayil daga ofis zuwa ofis, kuma idan gwamnati ta sauya kafin a biya shi, sai ya rungumi ƙaddara. Saboda haka ne kwangilar ƙungiyoyin waje, masu biya a kan lokaci, ta zama ginshiƙin waɗannan kamfanoni. Wannan ginshiƙi ya girgiza a 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairu, ta kuma rushe hukumar USAID cikin watannin da suka biyo baya. A duk lokacin da kasafin ƙungiya ya tsuke, kuɗin bidiyo yana cikin na farko da ake sokewa, kuma da hujja, tunda ba a kwatanta shi da kuɗin magani. Kamfanin da ya raina ɗan kasuwa a shekarun wadata, yanzu zai koma ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Wanda ke son ganin abin da ubangida na uku ke bayarwa idan aka yi masa hidima, ba sai ya je Amurka ba, Damagaram ta ishe shi. Aïcha Macky haifaffiyar garin ce, ta karanci ilimin zamantakewa kafin ta koyi shirya dokumentari. A 2016 ta fitar da fim a kan matan da ba su samu haihuwa ba a Nijar, inda ta fara da kanta, ya kuma ci kyautar AMAA ta dokumentari mafi kyau a shekarar. A 2021 ta fitar da Zinder, a kan samarin unguwar Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin kutare ce da aka ware daga gari, inda ƙungiyoyin 'yan daba da ake kira fale suka yi ƙarfi. Da Hausa mutanen fim ɗin ke magana. Ana ganinsu suna ɗaga ƙarafan da suka harhaɗa da kansu, ana bin mai fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Najeriya, ana sauraron tsohon shugaban daba da ya koma ɗan kabu-kabu yana faɗin abin da ya aikata. Babu mai sharhi da ke gaya wa mai kallo abin da zai ji, babu jami'in da ya zo a ƙarshe da mafita. Abin da ya sa samarin suka saki jiki haka shi ne lokaci, dogon zama da komawa da sake komawa, wanda kwana uku na kwangila ba za su taɓa saye ba. Hakan ne kuma ya faru da Hoop Dreams na 1994, wanda ƙaramin kamfanin Kartemquin na Chicago ya shafe kusan shekara biyar yana bin yara biyu masu wasan ƙwallon kwando, ya tara hoton sa'a 250 kafin ya fitar da fim guda.

Hanyar Macky ma ba kyauta ba ce. Ƙaramin kamfaninta ya haɗa gwiwa ne da kamfanonin Faransa da Jamus, kuma a bukukuwan fim na Turai aka fara kallon Zinder. Masu ba da kuɗi na can suna da abin da ya fi jan hankalinsu a Sahel, kuma da wuya ya zama tarihin rini ko na waƙar fada. Amma Nijar tana da wata gada da Arewacin Najeriya bai samu irinta ba. Jean Rouch ya shafe shekaru yana ɗaukar fim a can, kuma duk da sukar da Ousmane Sembène ya yi masa cewa yana nazarin mutanen Afirka kamar ƙwari, daga cikin waɗanda suka yi aiki da shi Oumarou Ganda ya fito, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a 1972. A Arewacin Najeriya kuwa, hanyar ta rabu biyu tun da wuri: majigin gwamnati a gefe guda, sai fim ɗin bidiyo na kasuwa da ya fara da Turmin Danya a 1990. Dokumentari mai zaman kansa ya faɗa tsakaninsu.

Saura batun da ya fi kowanne gaggawa, kuma shi ne wanda ƙaramin kamfani zai iya gyarawa gobe da safe ba tare da jiran kowa ba. Duk fim na minti goma yana fitowa ne daga ɗanyen hoto na sa'o'i da yawa. A cikin abin da aka zubar akwai jimlar matar nan a kan famfon da ya lalace, da kasuwar ƙauyen a ranar cinta, da dattijon da ya tsaya ba a gayyace shi ba ya ba da labarin yadda aka kafa garin, da ginin ƙasa na gidan dagaci wanda nan da shekara biyar za a rushe shi a sa bulo. Wannan ɗanyen hoto ya fi fim ɗin da aka miƙa daraja nesa ba kusa ba. Abin da ke faruwa da shi ɗaya ne cikin biyu. Ko dai yarjejeniya ta ce komai mallakar ƙungiya ne, a kwashe a kai ofishin da zai rufe idan shirin ya ƙare, ko kuma ya zauna a ma'ajiyar hoto ta kamfani har ranar da aka samu sabon aiki babu wurin zuba shi, edita ya goge.

Arewa ta riga ta ɗanɗana irin wannan asara. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, dukansu a zamanin da kyamara ta wadata, amma wanda ya nemi hotonsu mai motsi a yau, mafi yawan abin da zai samu kwafin kwafi ne na kaset ɗin biki da na talabijin, hoto ya dusashe, sauti yana rawa. Wanda ke son ganin dalar gyaɗa tana motsi da leburorinta, galibi sai ya nema a rumbunan Ingila. Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya ɓata, har sai da aka gano faya-fayansa a 2016 a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. Wannan fim ne na gwamnati, daga littafin firayim minista, a kan faifan da ke iya jure shekara arba'in a ɗaki mai ƙura. Ma'ajiyar hoto ta zamani ba ta da wannan juriya. Faɗuwa guda daga tebur, ko wutar lantarki da ta dawo da ƙarfi, ta isa ta shafe aikin shekara uku.

Gyaran bai fi ƙarfin kamfani mai mutum biyar ba. Sakin layi guda ne a cikin yarjejeniya, wanda ke cewa fim ɗin da aka gama na mai kwangila ne, amma kamfani yana da haƙƙin riƙe kwafin ɗanyen hoton, da amfani da shi bayan wasu shekaru da yardar waɗanda aka ɗauka. Wasu ƙungiyoyi za su ƙi, musamman inda hoton ya shafi yara ko waɗanda aka ci zarafinsu, kuma a nan suna da gaskiya. Ɗan kasuwa kuwa ba zai ma karanta sakin layin ba. Sai kwafi biyu a wurare biyu, da littafin da ake rubuta rana da gari da sunan wanda ya yi magana, domin hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba rabin hoto ne. Sai takardar amincewa da Hausa ko Kanuri ko Fulfulde, a karanta ta a gaban kyamara bayan jami'in ƙungiya ya matsa gefe, da mace a cikin ma'aikata wadda za ta iya shiga cikin gida ta zauna a tabarma. Sai kuma kwana guda na ƙari. Idan kwangila ta riga ta biya kuɗin mota da mai zuwa Argungu ko Nguru ko Daura, kwana na huɗu da kamfani zai ƙara daga aljihunsa shi ne mafi arhar ranar ɗaukar hoto da zai taɓa samu, kuma ribar talla guda ta shinkafa za ta iya biyansa.

Ana yawan cewa Bahaushe ba ya kallon dokumentari, don haka ko an shirya babu kasuwa. Ba a gwada ba balle a sani. Mutanen da ke zama sa'a guda suna sauraron hira da tsohon ɗan siyasa ko tarihin wata masarauta a rediyo, waɗanda ke tura wa juna tsofaffin hotunan Kano da Zariya a WhatsApp suna gardama a kan wace ƙofa ce, ba ƙin gaskiya suke yi ba. Abin da aka saba ba su da sunan dokumentari shi ne jerin tituna da azuzuwa da muryar mai sharhi tana yabon gwamna, kuma sun yi daidai da suka sauya tasha. Tashar Arewa24 tana kan iska tun 2014, YouTube kuma ya nuna cewa shiri mai dogon zango da Hausa yana iya tara miliyoyin masu kallo ba tare da ɗan kasuwar faifai ba. Kuɗin da ke shigowa ta nan ba zai mayar da jarin fim na shekara uku ba, shi ya sa tallar shinkafa da ta atamfa za su ci gaba da ɗaukar nauyin. Marinan Ƙofar Mata da suka rage, yawancinsu sun manyanta, kuma daga Titin Gidan Zoo zuwa wurinsu tafiyar adaidaita sahu guda ce.